Yarona ya taɓa yin zazzabin dengi, me ya sa na biyun ya fi na farko tsanani?

Tambaya daga wata baiwar Allah a Jidda:

Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari. Ni a Jidda nake zaune wajen Karantina. Babban yarona shekararsa 14, shekara uku da suka wuce ya yi zazzabin dengi, ƴan kwanaki ya miƙe ko kwantar da shi ba a yi ba. To watan jiya ya sake yi, wannan karon wallahi har mun fara fidda rai. Zazzabin ya sauka muna murna, sai ga ciwon ciki da amai, dasashinsa na jini, aka kwantar da shi a mustashfa (asibiti) aka ce safa'ih ɗinsa (ƙwayoyin daskarar da jini) sun faɗi. Alhamdulillah yanzu yana gida. Ni na ɗauka kamar ƙyanda ne, in ka yi sau ɗaya shikenan. Kuma mugazzi (ƙarin ruwa) kawai suka yi ta sa masa, ba ƙarin jini ba antibayotik, surukata ta ce don mu baƙi ne. Zai iya sake yi? Akwai rigakafi? Yana da ƙanne uku.

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, ya mai jiki, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne.

Bari in fara da maganar ƙyanda tunda nan ne tunaninki ya tsaya, kuma ba laifinki ba ne, mutane da yawa haka suka ɗauka. Ƙyanda bairas ɗinta iri ɗaya ne a wajen garkuwar jiki, in jiki ya gane shi sau ɗaya ya gane shi har abada. Dengi kuwa iri huɗu ne, ana ce musu na 1, na 2, na 3 da na 4. Wanda ya kama mutum, jiki zai riƙe kariyarsa kusan iya rayuwa, amma sauran ukun kariyar da ake samu daga gare su ta ɗan lokaci ce, watanni zuwa shekara ɗaya ko biyu ta sassauta. Wani likita a Amurka, Albert Sabin, shi ya nuna haka tun lokacin yaƙin duniya na biyu, ya sa wa mutanen da suka amince iri ɗaya, bayan wani lokaci ya sa musu wani irin, ya ga a farko-farko ba sa kamuwa amma da watanni suka ja sai su kamu. Kuma a nan Jidda ba iri ɗaya ke yawo ba. A 1994 aka fara tabbatar da cutar a garin nan, Dakta Ali Zaki ne ya gano bairas ɗin a ɗakin gwaji, a shekarar aka samu na 1 da na 2, zuwa 1997 na 3 ya bayyana. Kinga yaron da ya tashi a nan zai iya haɗuwa da wannan bana, bayan shekara uku ya haɗu da wancan.

To amma abin da ya fi ɗaure kai shi ne me ya sa na biyun ya fi zafi, ai da hankali ne sai a ce jiki ya ɗan saba. A nan ne dengi ta bambanta da yawancin cututtuka, kuma masu bincike sun daɗe a kanta.

In bairas ya shiga jiki, garkuwar jiki na ƙera wasu sinadarai da ake kira antibodi, aikinsu su manne wa bairas ɗin su hana shi shiga ƙwayoyin jiki, sannan wasu manyan fararen ƙwayoyin jini su zo su haɗiye shi su narkar. A kamun farko jikin yaronki ya ƙera antibodi daidai da irin da ya kama shi. Da na biyun ya zo, yana kama da na farko amma ba shi ba ne, sai tsofaffin antibodin nan suka manne masa, sai dai mannewar ba ta kai ta kashe ƙarfinsa ba. Fararen ƙwayoyin kuma da sun ga abu da antibodi a jikinsa haɗiyewa suke, sai su haɗiye bairas mai rai da ƙarfinsa, kuma abin takaicin cikin irin waɗannan ƙwayoyin ne dengi ta fi son hayayyafa. Kamar mai gadi ne ya cafke ɓarawo a ƙofa, maimakon ya ɗaure shi sai ya riƙe masa hannu ya shigar da shi har tsakar gida. Bairas ya yi yawa a jini da wuri, garkuwar jiki ta harzuƙa ta saki sinadaran kumburi fiye da kima, shi ma bairas ɗin yana sakin wani furotin mai suna NS1 wanda binciken da aka fitar a 2015 ya nuna yana lalata shimfiɗar cikin ƙananan jijiyoyin jini. Sai jijiyoyin su fara yoyo, ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa cikin ciki da gefen huhu, jinin da ya rage a jijiya ya yi kauri ya ragu. Ciwon cikin nan da aman da kika gani daga nan suke.

Wanda ya fara lura da wannan Scott Halstead ne, a Bankok ta ƙasar Tailan a shekarun 1960. Ya ga yaran da ake kawowa rai a hannun Allah yawancinsu kamu na biyu ne, sai kuma wani rukuni mai ban mamaki, jarirai ƴan wata shida zuwa tara da ba su taɓa yi ba amma uwayensu sun taɓa yi. Antibodin uwa da jariri ya samu tun a ciki yana kare shi a watannin farko, in ya fara raguwa ya kai wani mataki sai ya koma yana taimakon bairas ɗin. An yi ta musu da shi shekaru, wasu na cewa a kwalbar gwaji kawai abin ke faruwa. Sai Kuba ta nuna a fili, a 1977 iri na 1 ya mamaye ƙasar ba tare da mummunan nau'in ba, a 1981 iri na 2 ya shigo, mutum sama da 300,000 suka kamu, 158 suka rasu, yawancinsu yara. A 1997 na 2 ya sake ɓulla a garin Santiyago na Kuba, waɗanda suka fi jin jiki manya ne da suka yi na 1 shekara ashirin baya. Sannan a 2017 aka fitar da sakamakon bin yara sama da 6,000 a Nikaraguwa na tsawon shekaru ana auna musu jini, aka ga mai antibodi da yawa yana da kariya, wanda ba shi da ko kaɗan yana yin zazzabinsa ya tashi, wanda ke tsaka-tsaki shi ne ya fi shiga haɗari. A ganina wannan binciken ya rufe musun. Amma kar wannan ya tsorata masu karatu, ko a kamu na biyun ma kaɗan ne ke kaiwa ga abin da yaronki ya shiga, mafi yawa zazzabi ne da ciwon gaɓoɓi da na bayan ido su warke.

Yanzu maganar surukarki, Allah ya ƙara mata lafiya, ki faɗa mata cikin ladabi cewa abin da aka yi wa jikanta shi ake yi wa ɗan kowa, ɗan ƙasa da baƙo. Antibayotik bakteriya yake kashewa, ba ya taɓa bairas ko kaɗan, kuma har yau babu wani magani da aka amince da shi da ke kashe bairas ɗin dengi kai tsaye. Ruwan nan da kika raina shi ne maganin. Tunda matsalar yoyo ce, aikin likita ya riƙa mayar da ruwan da ke fita daidai gwargwado har jijiyoyin su toshe da kansu, yawanci awa 24 zuwa 48 ne. Kuma aiki ne mai lissafi, in ya yi kaɗan jini ya faɗi, in ya yi yawa ruwa ya taru a huhu, shi ya sa kika ga suna ta ɗibar jini suna auna fitsari kamar ba su da aikin yi, kaurin jinin suke bi. Inda ake wannan kulawar da wuri, waɗanda ke rasuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari.

Su kuma safa'ih, ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare, na san su ne ke tayar wa iyaye hankali, kowa ya riƙe takardar tahlil, wato gwajin jini, yana kallon lamba ɗaya. Lafiyayye yana da 150,000 zuwa 450,000, a dengi kuwa su sauko ƙasa da 50,000 ba abin mamaki ba ne, kuma da kansu suke hawa in lokacin haɗarin ya wuce. An yi gwaji a Singafo da Malesiya aka fitar a 2017, manya masu dengi da safa'ih ɗinsu suka faɗi ƙasa sosai, aka ƙara wa rabi aka bar rabi, ƙarin bai rage zubar jini ba sai ma wasu da suka samu matsala daga ƙarin. Don haka sai in ana zubar da jini na gaske ake ƙarawa. Ni yaron da safa'ih ɗinsa 40,000 yana shan ruwa yana fitsari yana hira bai kai wanda nasa 100,000 amma hannunsa sanyi ƙalau yana riƙe ciki tayar min da hankali ba.

Abin da nake so kowace uwa a Jidda da Makka ta riƙe shi ne wanda kika faɗa da bakinki, zazzabi ya sauka kuna murna. A dengi lokacin saukar zazzabi, tsakanin kwana na 3 zuwa na 7, shi ne lokacin sa ido. In zazzabi ya sauka yaro ya ware ya nemi abinci to alhamdulillah. In kuwa ya sauka amma ga ciwon ciki mai tsanani, amai ba tsayawa, jini a dasashi ko haɓo, baƙin kashi, numfashi sama-sama, yaro ya yi laƙwas ko ya kasa zama waje ɗaya, tafin hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ɗauke, to ba a jiran gari ya waye ko maigida ya dawo daga aiki, tawari, wato sashen gaggawa na asibiti, za a nufa. Akwai lambar waya 937 ta ma'aikatar lafiya don neman shawara, 997 kuma motar asibiti. Kuma dan Allah in zazzabi ya kama wani a gidan, farasitamol kaɗai, shi ma bisa ƙa'ida don hanta na jin jiki a wannan cutar. Banda Brufen, banda asfirin, banda Voltaren, duk suna ƙara haɗarin zubar jini, na san sayidaliyya, wato shagon magani, na kusa kuma ana miƙo su ba tambaya. A yawaita ruwa, da ruwan gishiri da sukari, kunu, romo, duk abin da zai shiga. Gwajin jini na NS1 mai gano dengi kuma a kwanakin farko ya fi kamawa, kar a bari sai an yi sati.

Zai iya sake yi? A lissafi saura iri biyu, eh zai iya. Sai dai abin da aka gani shi ne bayan kamu na biyu jiki na ƙera antibodi masu faɗi da ke riƙe duka huɗun da kyau, shi ya sa kamu na uku da na huɗu ba kasafai suke tsanani ba. Ni ƙannensa sun fi damuna. Yawancin kamun farko ba a ma sanin an yi, ƙiyasin da aka yi a 2013 ya ce cikin kamu miliyan 390 a shekara a duniya kusan miliyan 96 ne kawai ke nuna alama. Gida ɗaya suke kwana sauro ɗaya ke cizonsu, zai yiwu wani cikinsu ya riga ya yi na farkon a tsaye aka ce mura ce. Duk wanda ya yi zazzabi cikinsu ki faɗa wa likita tun a bakin ƙofa cewa an yi dengi a gidan.

Sauron kuma ba irin na maleriya ba ne da muka sani a gida, wannan baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafa, da rana yake cizo musamman da safe da kuma la'asar zuwa magariba, gidan sauro da dare kaɗai ba ya isa. Ba ya son kwata, ruwa mai tsabta yake so, kuma ba ya nisa, inda ya cije ki kusa da nan aka ƙyanƙyashe shi. A unguwanninmu da ruwa ke yankewa ana tarawa in wayit, wato tankar ruwa, ya kawo, duba durom da jarkoki da khazzan (tankin ruwa) ɗin da murfinsa ya fashe, da bokitin da ake tara wa ruwan mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), da farantin ƙarƙashin tukunyar fulawa, da tsohuwar taya a saman bene. Zubar da ruwan kaɗai bai wadatar ba, ƙwan yana manne a jikin mazubin ya yi watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya fashe, sai an goge da soso duk sati a rufe ruf. Feshin baladiyya, wato hukumar gari, na taimakawa amma ba ya shiga banɗakinki.

Rigakafi akwai, kuma labarinsa ma wannan maganar ta antibodi ce. Na farko Dengvaxia, an yi wa yara ƴan makaranta sama da 800,000 a Filifin daga 2016, a ƙarshen 2017 kamfanin da kansa ya sanar cewa yaron da bai taɓa yin dengi ba in aka yi masa, allurar na zame masa kamar kamun farko, in ya haɗu da cutar daga baya haɗarin tsanani ya ƙaru. Daga nan aka taƙaita ta ga waɗanda gwaji ya nuna sun taɓa yi. Na biyu Qdenga, allura biyu wata uku tsakani, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa yara ƴan shekara 6 zuwa 16 a wuraren da cutar ta yi yawa sosai. Ga babban naki da ya riga ya yi sau biyu ban ga abin gaggawa ba, ga ƙannen kuma ki tayar da maganar ranar da za ku koma muraja'a, wato ganin likita, likitan da ke da fayil ɗinsu ya duba shekarunsu da abin da ke samuwa. Shi kuma mai jiki kar ki damu in kin ga kasala da rashin cin abinci sun ɗauki sati biyu ko fiye, haka take yi, a bar shi ya huta da ƙwallo tukuna har a maimaita tahlil a ga safa'ih sun koma daidai.