Sassabe da idon gandun daji

Tambaya: Malam, na gaji gona kusa da Tawa, gao da aduwa sun cika ta. In na sassabe, wa zai gani? Wani manomi.

Amsa: Za a gani, Malam. Ma'aikatan gandun daji suna kewayawa, kuma kututture ba ya ɓoyuwa: daga faɗinsa da ɗanyen sara ake gane irin iccen da lokacin da aka kayar da shi. Hotunan tauraron ɗan Adam ma suna nuna inda fili ya yi ƙwal.

Dokar daji ta Nijar ta 2004 ta kare itatuwa irin su gao, aduwa da tsamiya, ko a gonarka suke. Kafin sara, je ofishin gandun daji na ƙaramar hukumarku, a zo a duba, a ba ka takardar izini. Izinin baki ba ya kare ka daga tara.

Mu dai shawararmu sassaben zamani. A kowane kututture ka bar tofo biyu ko uku mafi ƙarfi, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama. Dakusasshiya tana yage ɓawo, ruɓa ta shiga. Gao kuwa bar shi, da damina yake kaɗe ganye, ba ya tare wa hatsi rana.