Ina Kakana a Cikin Shirin Yaƙin Hitila?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Dare shida muka yi ni da yarana muna kallon wani shirin Faransa mai launi a telebijin, kan Yaƙin Duniya na Biyu. Kakana, Allah ya jiƙansa, sojan Faransa ne, lambar girmansa da littafinsa na soja suna nan cikin adakar innata. Amma sai ka daɗe kana kallo kafin baƙin mutum ɗaya ya gifta. Da aka gama, ɗana mai ajin ƙarshe a lise ya ce, "Inna, anya tsohon nan bai ƙara wa miya gishiri ba?" Maganar ta tsaya mini a rai. Me zan ce masa?
Wata mai karatu, unguwar Bagalam, Maradi

AMSA: Ƴar'uwa, kada ki yi wa yaron faɗa. Idonsa ya gaya masa, kuma telebijin ta fi kaka iya rantsuwa.

Daga kwatancenki, Apocalypse kuka kalla, wanda tashar France 2 ta fara nunawa a 2009. Ni a fadarmu ta unguwar Zariya na gan shi, shayi na kan wuta, samari na gardamar tankar wa ta fi ta wa, har kuran ya ɗauke muka watse. Shiri ne mai kama zuciya, ban musa ba. Sai dai yawancin hotunan asalinsu fari da baƙi ne, da kwamfuta aka shafa musu launi, aka ɗora ƙarar bindiga da kiɗa. Kuma masu ɗaukar hoton, mafi yawansu ma'aikatan rundunoni ne, abin da manyansu ke so a gani shi suke haskawa. Har abin takaici, a cikin hotunan sojojinmu na 1940 da suka fi yawo akwai waɗanda Jamusawa suka ɗauka bayan sun kama su, don su yi wa Faransa dariya.

Ga abin da za ki faɗa masa. Baƙaƙen sojojin nan ana kiran su "tirailleurs sénégalais", amma sunan kawai ne na Senegal, daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka aka kwaso su, har da Nijar. A watan Yuni 1940, a Chasselay kusa da Lyon, Jamusawa sun ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka harbe su. Ranar 15 ga Agusta 1944 aka fara saukar da dakarun ƙawance a gaɓar Provence, a kudancin Faransa, da ƴan Afirka masu yawa a cikinsu. Ƴan watanni bayan haka aka janye su daga fagen daga, wai ba za su jure sanyi ba, aka miƙa kakinsu da makamansu ga samarin Faransa. To wa kamara za ta samu ranar bikin nasara?

Sai Thiaroye, a gefen Dakar. Ranar 1 ga Disamba 1944 sojojin da suka dawo daga zaman fursuna suka nemi kuɗinsu, aka buɗe musu wuta. Faransa ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi na cewa ɗaruruwa ne. Sai a 2024 shugaba Macron ya yarda ya kira shi kisan kiyashi. Shekara 80!

Ba ma sai an je Turai ba. Ki tambayi ɗan naki ko ya taɓa ganin fim ɗin ɓarnar da hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine suka yi a 1899, daga Birnin Ƙonni har ƙasar Tasawa. Babu wanda ya ɗauka a lokacin da abin ke faruwa. Amma kaburburansu na nan a Maijirgi, bakin hanyar Damagaram, kuma tsofaffin garuruwan har gobe suna ba da labarin yadda suka ji daga kakanninsu.

Ranar Juma'a ki kai shi gidan innarki, a buɗe adakar nan. Shi da ya iya Faransanci, shi zai karanta muku littafin sojan: shekarar da aka ɗauki tsohon, lambarsa, da rundunar da ya yi. Ya kunna salularsa ya naɗi duk abin da tsohuwa za ta tuna. In kun samu lambar rundunar, ki aiko mini da ita, mu bi sawunta.