Tambaya da Amsa: Ina bambancin continuous da continual da 'yan uwansu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya, ina shirin rubuta jarrabawar WAEC. A wani insha'i da na yi kan matsalar wutar lantarki a unguwarmu na rubuta "continuous power cuts", sai malaminmu ya ja jan biro a ƙarƙashin kalmar farko ya sa "continual". Na duba ƙamus, na ga duka biyun suna nufin abin da ke ci gaba. Ga kuma constant da incessant da perpetual, su ma kamar abu ɗaya. Don Allah a warware mini.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'a. Malaminki yana da gaskiya, kuma dalilinsa yana cikin Hausar da kike yi kullum a gida.

Ki tuna da damina. Ranar da ake marka, ruwa ya tsinke tun asuba har la'asar bai ɗauke ba ko na minti ɗaya, wannan ruwan continuous ne, domin babu giɓi a tsakiyarsa. Amma idan a watan Agusta aka yi ruwa yau, ya ɗauke, rana ta fito, gobe ya dawo, jibi ma haka, to wannan continual ne. Bahaushe zai ce ana ruwa a kai a kai. Abin yana tsayawa, sai dai ba ya daɗewa bai dawo ba.

Yanzu ki koma kan jimlarki. Kin rubuta "cuts", wato jam'i, ɗauke wuta sau da yawa. Ba a ɗauke wuta karo na biyu sai an dawo da ita, kin ga ke nan akwai giɓi tsakanin wannan ɗaukewa da waccan. Shi ya sa continual ta fi dacewa. Da a ce an ɗauke ta ranar Litinin ba a ƙara ganinta ba sai Alhamis, da kin yi daidai idan kika ce "three days of continuous darkness". Dabarar da nake ba ɗalibaina ita ce su dubi sunan da ke biye. Idan jam'in wani abu ne da ke faruwa ya wuce, irin su complaints ko interruptions ko attacks, mafi yawan lokaci continual ake nema.

Akwai wuri ɗaya da continuous ke cin kasuwarta ita kaɗai, wato idan ana maganar tsawon wuri. Farin layin da aka ja a tsakiyar titi wanda bai yanke ba, mai hana direba wuce na gabansa, continuous line ne. Katanga ma haka. Ba a cewa continual line ko continual wall.

Duka biyun tsatsonsu ɗaya, daga wata kalmar Latin mai ma'anar riƙe abu a haɗe. Continual ce yaya, ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci tun ƙarni na 14, ita kuwa continuous sai a ƙarni na 17. A tsofaffin rubuce-rubuce continual takan ɗauki ma'anonin biyu, daga baya ne aka raba musu gado. Har yau Turawan kansu suna cakuɗa su a hira, musamman continually da continuously. Ga ma misali a cikin jakarki: gwajin da kuke kira C.A., wato continuous assessment, wanda tsarin ilimi na ƙasa na shekarar 1977 ya ba muhimmanci a makarantun Najeriya. Ai ba a zaunar da ku ana gwada ku dare da rana, sau biyu ko uku ake yi a zango. Bisa ƙa'ida da continual ya kamata a kira shi, amma suna ya riga ya zauna, haka za ki rubuta shi. A ganina bai kamata wannan ya sa ki yi sakaci da ƙa'idar ba. Mai duba takardarki yana lura da ita, kuma tana da amfani na gaske: likitan da aka ce masa ciwo continuous ne zai fahimci wani abu dabam da wanda aka ce masa ciwon yana zuwa yana tafiya.

Constant asalinta tsayawa daram. Abin da take nunawa shi ne rashin canzawa. Motar da ke tafiya a constant speed ba ta ƙara gudu ba ta ragewa, kuma a darasin lissafi constant ita ce lambar da ba ta sauyawa. Idan 'yan Najeriya suka ce suna son "constant power supply", wuta suke so tsayayya, wadda ba ta zuwa tana tafiya. A maganar yau da kullum tana shiga gidan continuous ta shiga na continual, a ce constant pain, a ce constant interruptions. Saboda haka idan kin rasa ta kamawa a ɗakin jarrabawa, sau da yawa ita ce za ta fid da ke.

Wadda nake so ki yi hattara da ita ita ce incessant. Ma'anarta a zahiri abin da ba ya dainawa, amma tana ɗauke da ƙorafi. Mai faɗinta ya gaji, abin ya ishe shi. Ƙarar janaretan maƙwabci, kukan sauro a kunne, surutun da ya hana ki karatu, su ne abincinta. Shi ya sa jaridunmu na Turanci suke yawan cewa "incessant strikes" idan suna maganar yajin aikin jami'o'i. Ki lura da kyau a nan. Yajin aikin ASUU na shekarar 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu aka janye ranar 14 ga Oktoba, wata takwas ne a jere, don haka shi ɗin continuous ne. Yawan komawa yajin shekara da shekaru continual ne. Ɗan jaridar da ya zaɓi incessant ya ƙara da nuna cewa abin ya dame shi. Na taɓa ganin wasiƙar wani ɗalibi yana gode wa kawunsa saboda "incessant help". Niyyarsa kyakkyawa ce, amma mai jin Turanci zai ji kamar yana cewa kawu ya ishe shi da taimako. Abin ya ba ni tausayi, domin yaron godiya yake yi har zuci. "Constant support" ya kamata ya rubuta. Idan kuma yabo mai nauyi ake so, akwai ceaseless da unceasing, kalmomin rubutu ne da jawabin taro, kamar a ce "ceaseless efforts", ƙoƙari ba dare ba rana.

Perpetual ita ce dindindin, abin da ba a sa masa ranar ƙarewa ba. A kotu za ki ji perpetual injunction, umarnin hani na dindindin, saɓanin na wucin gadi da ake bayarwa kafin a yanke hukunci. Eternal ta zarce ta, galibi ta Ubangiji ce da lahira. Persistent kuwa naci ne, abin da aka yi ta kora ya ƙi tafiya, kamar tarin da aka sha magani bai warke ba. Non-stop ta bakin kasuwa ce da filin jirgi. Jirgin da ya tashi daga Kano bai sauka ko'ina ba sai Jidda non-stop flight ne, alhali wanda aka kira direct flight yana iya yada zango a hanya. A insha'in jarrabawa ki rage amfani da non-stop.

Game da jimlarki, "continual power cuts" daidai ne kamar yadda malaminki ya gyara. Amma tunda insha'in naki koke ne kan halin da unguwarku ke ciki, da ni ne da "incessant power cuts" zan rubuta, domin ita ce za ta isar wa mai karatu cewa mutane sun gaji. Ki kai masa wannan ki ji ra'ayinsa, ki kuma gaishe mini da shi.