Mai sayen Civic ɗin nan daban yake

Jiya ka tambaye ni dalilin da ya sa ban kai Honda Civic ɗin nan bakin titi wurin dillalai ba tunda an gama fenti, da kuma dalilin da na ce wa mutumin ranar Talata "albarka" tun bai rufe baki ba. To ajiye sifanar nan, yaro, ka ji.

Wancan bawan Allah motar kai yara makaranta yake nema. Ka ga yadda ya yamutsa fuska da ya ga ƙofa biyu, tambayarsa ta farko kuma mai nawa take sha. A wurinsa tsohuwar Honda ce ta 1993, kuɗin tsohuwar Honda kuwa ya taya. Bai yi laifi ba, ba tasa ba ce.

Mai ita na gaskiya bonet zai fara buɗewa. Zai nemi lambar shasi ya ga EG6, ya sunkuya jikin injin kusa da giyabos ya karanta B16A2. Irin wannan jikin Honda ta yi shi daga 1992 zuwa 1995, amma yawancin waɗanda suka shigo mana daga Beljiyam ƙaramin injin D15 ne a ciki. Wannan kuwa VTi ce, lita 1.6, ƙarfin doki 160, birkin faranti a ƙafa huɗu, kuma injinta yana juyi har 8,000 a minti ɗaya. Idan allura ta wuce 5,500, VTEC, tsarin Honda mai ƙara wa injin numfashi, ya buɗe, kukan injin ya sauya, a nan cinikin yake faɗawa. Shi ya sa na hana ka sa mata salansa mai ƙara da fitilun nan masu walƙiya. Duk abin da ba na kamfani ba rage mata daraja yake. Ga wata sa'a: sitiyarinta na hagu ne. 'Yar'uwarta ta Japan, SiR, na dama gare ta, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, wanda sitiyarin hagu ya dace da shi.

Sai batun hotunan da kake ganin ɓata lokaci ne. Fenti mai ƙyalli tsoro yake ba wanda ya san mota, don ya san abin da ake binnewa a ƙarƙashinsa. Waɗannan motoci tsatsa ke cin su a saman tayoyin baya, saboda gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara. Zai zo da mayen ƙarfe ya bi wurin, inda bai kama ba ya san fila ce aka cike ramin da ita, ba ƙarfe ba. Mu yankewa muka yi, mai walda ya sa sabon ƙarfe, kuma hoton kowane mataki yana wayata. Haɗa da rasit ɗin bel ɗin tayimin, kulochi da bushin da muka yi mako uku muna nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, da takardun kwastan na asali.

Kuɗin da muka zuba kuwa, kada ka sa ran zai dawo duka. Na kaya zai dawo, na gumin wata takwas sai abin da Allah ya yi. Kuma duk wanda ya zo, da bakina zan gaya masa giya ta uku tana ɗan kartawa da sanyin safiya.

Gobe kada ka tayar da ita kafin baƙon da zai zo duba ta daga Kaduna ya iso. Bar injin da sanyinsa, ya murza makulli da hannunsa.