Indiyawan nan masu rawani, Musulmi ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Indiyawan da kake gani da rawani da dogon gemu Musulmi ne. A'a, mabiya addinin Sik ne, addini mai zaman kansa da Guru Nanak ya kafa a yankin Punjab. An haife shi a 1469, a garin da yau yake cikin Pakistan. Sun yarda Ubangiji ɗaya ne, amma littafinsu daban, ibadarsu daban.

Rawanin kuwa gashi ne ya jawo shi. A 1699, ranar bikin Baisaki, Guru Gobind Singh, jagoran addinin na goma, ya kafa ƙungiyar Khalsa a garin Anandpur, ya ɗora wa duk wanda ya shiga abu biyar: barin gashi ba aski, matajin katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando da wuƙa. To, gashin da bai taɓa ganin aska ba dole a tufke shi a naɗe. Har gobe a tsakiyar Afrilu suke wannan biki, daidai lokacin girbin alkama.

Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne ciyarwarsu, wadda suke kira langar. A babban wurin ibadarsu mai rufin zinariya a birnin Amritsar na Indiya, dubban mutane ke ci kyauta kullum. Attajiri da almajiri a jere a ƙasa, ana bin sahu ana zuba musu miyar wake da gurasa, babu nama, don kowa ya iya ci. Ba a tambayar addininka, sai dai ka cire takalmi, ka rufe kai. Masu wanke kwanukan ma 'yan sa-kai ne.