Tambayoyin da za a yi maka a intabiyu kan aikin gini da lissafin biyan kuɗi

Ka ce an kira ka intabiyu a kamfanin gine-gine, kuma abin da ke damun ka shi ne tambayoyin aikin fili da na bil, wato lissafin kuɗin aikin da za a biya, tunda a makaranta an fi ba ku ƙarfi a lissafin zane. Madalla, Allah ya sa a dace. To ka sani, ɗana, waɗanda za su zauna gabanka ba haddarka suke son ji ba. Za su jefo maka lamba su ga ko ka san inda ta fito, su kawo maka matsala su ga ko ka san abin da ya haddasa ta. Duk amsar da za ka bayar, ka haɗa ta da dalilinta.

Da wuya a tashi ba a tambaye ka wannan ba: buhun siminti nawa ke shiga kubik mita ɗaya na kankare mai haɗin 1:2:4, wato siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu? Kada ka yi saurin faɗin lamba, bi hanyar a gabansu. Busassun kaya idan aka kwaɓa su sukan ragu, domin yashi yana cike ramukan da ke tsakanin tsakuwa, siminti kuma yana cike na yashi. Shi ya sa ake ninka kubik mita ɗayan da 1.54. Haɗin kashi bakwai ne, sai ka raba 1.54 gida bakwai, ka samu 0.22, rabon siminti ke nan. Kubik mita ɗaya na siminti kilo 1440 ne, saboda haka 0.22 ya ba ka kusan kilo 317, wato buhu shida da ɗan ɗoriya na mai kilo 50. Yashi 0.44, tsakuwa 0.88. Idan suka ce dakin ne, wato rufin kankare, mai mita 5 da mita 4, kauri milimita 150, kubik mita 3 ke nan, buhu 19. Wanda ya iya wannan hanyar, ko an sauya masa haɗi zuwa 1:1.5:3 ko 1:3:6 ba zai daburce ba.

Daga nan sai ruwa, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna a fili. Idan an ƙayyade ruwa ya zama rabin nauyin siminti, buhu ɗaya lita 25 ke nan. Leburori sun fi son kankare mai ruwa-ruwa don ya fi sauƙin zubawa, amma ruwan da ya wuce kima yakan bushe ya bar ƙananan kafofi a ciki, ƙarfi ya ragu, daga baya tsagewa ta biyo. Ka ƙara musu da cewa yashi mai danshi yana ɗauke da nasa ruwan, kuma yana kumbura, har ya kan ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Idan da kwano ake awo, yashin da ka zuba bai kai abin da kake zato ba. Mai tambaya idan ya ji wannan, ya san ka taɓa tsayawa kusa da miksa.

Gwaji biyu za su tambaya. Na farko gwajin laushin kankare ne, da mazurari mai tsayin milimita 300, faɗin ƙasa 200, na sama 100. Ana cika shi hawa-hawa, kowane hawa a soke shi sau 25 da sandar ƙarfe mai kaurin milimita 16, a ɗaga mazurarin a hankali a auna yadda kankaren ya zauna. Na biyu gwajin ƙarfi ne, da ƴan curin kankare masu milimita 150 kowane gefe, a jiƙa su cikin ruwa, a murƙushe wasu a kwana 7, saura a kwana 28. Na kwana 7 yakan kai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin ƙarshe. Idan suka ce sakamakon kwana 28 ya faɗi, me za ka yi, kada ka ce a rushe nan take, kada kuma ka ce a rufa a yi shiru. A sanar da injiniyan da ya yi zane a rubuce, a duba ko an yi curin daidai, a gwada jikin ginin kansa, ko da ta hanyar yanko ɗan gutsure a kai ɗakin gwaji. Shi zai yanke hukunci.

Sai rodi. Nauyin mita ɗaya shi ne kaurin rodin a milimita, ka ninka shi da kansa, ka raba da 162. Mai milimita 12 ya ba ka kilo 0.89, mai 16 kilo 1.58, mai 10 kilo 0.62. Lambar 162 ba daga sama ta faɗo ba, daga nauyin ƙarfe ta fito, kilo 7850 a kubik mita. Rodi mai tsawon mita 12 na milimita 12 kusan kilo 10.7 ne, tan ɗaya ya zama sanda 94 ko kusa da haka. Amma abin da na fi so ka fahimta shi ne wurin zaman rodi. Kankare yana jure dannawa, ba ya jure ja, don haka rodi yana zama inda ake ja. A tsakiyar bim, wato kankaren da ke kwance tsakanin ginshiƙai, a ƙasa yake, a kan ginshiƙi a sama yake. Baranda mai fitowa waje ba tokara kuwa, babban rodinta a sama yake, kuma idan masu zuba kankare suka tattake shi ya koma ƙasa, ranar da aka cire katako za ta iya karyewa daga gindi. Wannan kuskure ne mai cin rai, ban ɗauke shi da wasa ba.

Haɗin rodi biyu, yawanci ana haɗa su da tsawon kaurin rodin sau 40 zuwa 50, sai dai abin da zane ya ce shi ne gaba. Mai milimita 16 a sau 50, milimita 800 ke nan. Ba a tara haɗi duka a layi ɗaya, ana sassaɓa su, kuma ba a sa shi inda ja ya fi tsanani. Tazarar da ke tsakanin rodi da fatar kankare ita ke kare shi daga tsatsa da wuta: kusan milimita 20 zuwa 25 a dakin, 40 a ginshiƙi, 50 ko fiye a fandisho. Da biskit na siminti, wato ƙananan curin da ake sawa tsakanin rodi da katako, ake riƙe ta, ba da guntun katako ko fasasshen bulo ba.

Idan aka cire katako aka ga jikin ginshiƙi da ramuka kamar saƙar zuma, tsakuwa a fili ba siminti, za su so jin dalili. Ko ba a girgiza shi da kyau ba, ko katakon yana yoyo ruwan siminti ya tsiyaye, ko rodi ya yi cunkoso tsakuwa ta kasa wucewa, ko an sako kankaren daga nesa ya rarrabu. Shi ya sa ba a so ya faɗo daga sama da mita ɗaya da rabi. Ban-ruwa aƙalla kwana 7, domin kankare ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma tana ɗaukar lokaci. Katakon gefen ginshiƙi ana iya cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu, tokarar ƙarƙashin dakin sai kwana 7 zuwa 14 gwargwadon faɗinsa, ta dogon bim har kwana 21.

Yanzu bil, inda sababbin injiniyoyi suka fi tuntuɓe. Tushensa takardar da ake kira BOQ, wadda ta jera kowane aiki da ma'auninsa da yawansa da farashin kowane ɗaya. Za su gwada ka da ma'auni: haƙa da kankare da kubik mita, katakon zubi da bulo da filasta da fenti da murabba'in mita, rodi da kilo ko tan, bututu da mita na tsawo, ƙofa da taga da ƙidaya. Ka lura cewa ginshiƙi ɗaya yana fitowa a layi uku daban. Mai milimita 300 kowane gefe, tsawo mita 3, kankarensa kubik mita 0.27, katakonsa murabba'in mita 3.6, rodinsa kuma daga jadawalin lanƙwasa rodi za ka ɗauko. Ba a cire girman rodi daga kankare, don bai taka kara ya karya ba.

Bango kuwa ana cire ƙofa da taga. Mai mita 10 da mita 3 ya zama 30, ka cire ƙofa 0.9 da 2.1, da taga 1.2 da 1.2, saura 26.67. Bulo mai fuskar milimita 450 da 225 guda goma ke cika murabba'in mita, wato 267, ka ƙara kashi 5 na karyewa ka sayi 280. Ga inda tarkon yake: 280 na saye ne, ba na bil ba. Mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, yana biyan abin da aka gina bisa zane ne kawai. Asarar kaya tana cikin farashin da ɗan kwangila ya sa tun farko, tare da kuɗin kaya da na ƙwadago da na injuna da na gudanar da ofis da riba. Haka ma haƙa. Ƙasa idan aka tono ta tana kumbura, don haka ba a ƙirga tifa nawa ta kwashe, ramin ake aunawa yadda zane ya nuna. Wanda ya haƙa fiye da zane don kansa ya haƙa, kuma shi zai cike.

Tambayar da nake ganin ta fi kowace bambance mutane ita ce yadda ake haɗa biyan kuɗi na wata-wata. Ba aikin watan kaɗai ake aunawa ba. Ana auna duk abin da aka yi tun daga farko zuwa yau, sannan a yi ta cirewa. A ce jimlar ta kai miliyan 10. Ka cire kuɗin riƙo, a ce kashi 5, dubu 500. Ka cire rabon kafin alƙalami da aka ba ɗan kwangila tun farko, a ce kashi 10 na aikin da aka yi, miliyan 1. Ka cire duk abin da aka riga aka biya, a ce miliyan 6. Abin da za a biya yanzu miliyan 2.5 ne, kafin harajin da dokar wurin ta ɗora. Amfanin wannan tsari shi ne idan an yi kuskuren awo a watan jiya, yana gyaruwa da kansa a na yau. Kuɗin riƙo kuma amana ce ta gyaran aibi: a yawancin kwangiloli ana sakin rabi idan an miƙa gini, saura bayan wa'adin gyara, wanda yakan kasance wata 6 zuwa 12.

Za su iya ce maka mai gini ya zo fili ya ce a ƙara ɗaki ko a sauya tayil, me za ka yi? Ka ce sai an ba da umarnin canji a rubuce, daga wanda kwangila ta ba wannan iko, a daidaita farashi, sannan a sa hannu a aiki. Maganar baki ba ta shiga bil. Idan akwai irin aikin a BOQ da farashinsa za a yi amfani, idan babu a fitar da sabon farashi daga tushe.

Abu na ƙarshe da za ka nuna musu ka sani shi ne awo kafin rufewa. Zurfin fandisho, rodin da ke cikin dakin, bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, da zarar an zuba kankare ko an mayar da ƙasa babu mai sake ganinsu. A auna tare da wakilin mai aiki, a rubuta a littafin awo da kwanan wata da lambar zane, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoto da tef a jiki. A ƙarshen wata kuma ka gwama simintin da ya fita daga sito da wanda lissafi ya ce ya kamata a ci. Idan an ci fiye da kima, akwai ɓarna ko sata. Idan an ci ƙasa da kima, abin ya fi muni, domin yana nufin an rage haɗi, sai ka koma kan sakamakon gwajin curi na ranakun da aka yi zubin.

Kafin ranar, ka samu zanen ƙaramin gini ɗaya ka fitar da kankarensa da rodinsa da bulonsa da hannunka, daga fandisho zuwa dakin, ka kawo mini mu duba tare. Ka tafi da kalkuleta da biro, domin wasu za su miƙo maka takarda su ce yi a nan.