Maganaɗisu zai iya kai magani kan sankara kai tsaye?

Tambaya: Likita, yayata tana karɓar kemo a nan Jidda saboda sankarar mama. Gashi ya zube, abinci ba ya shiga. Ɗana ya ce akwai ƙwayoyin ƙarfe da ake ɗora wa magani, a ja su da maganaɗisu zuwa kan ciwon kaɗai. Da gaske ne? Mu nema mata?

Amsa: Hajiya, Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ɗanki bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗan yi gaggawa.

Ƙwayoyin dangin tsatsar ƙarfe ne. Idan aka jera dubu, da ƙyar su kai kaurin silin gashi ɗaya. In aka zuba su tsirara cikin jini, sai su dunƙule kamar garin da bai sha motsi ba a tukunyar tuwo, hanta da saifa kuma su kwashe su nan da nan. Shi ya sa ake yi musu riga da wani sinadari, galibi dangin sikari da ake kira dekstiran. Rigar ce ke hana su mannewa da juna, a jikinta kuma ake rataya maganin.

Matsalar tana wajen ja. Maganaɗisu yana da ƙarfi a saman fata, amma da an nutsa cikin jiki ƙarfinsa ya ragu ƙwarai, jini kuma gudu yake yi. Tun 1996 aka gwada wannan dabara a kan marasa lafiya a Jamus, har yau ba ta zama maganin yau da kullum ba. Wani nazari na 2016 ya tattara gwaje-gwajen dabbobi kan ƙananan ƙwayoyin ɗaukar magani iri-iri, ya gano cewa galibi abin da ke isa ƙarin sankara bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da aka zuba a jiki ba.

Inda suka fi amfani shi ne gano wuri. A hoton MRI suna sa inda suka taru ya yi duhu. A tiyatar mama kuma, ana yin allurarsu, su bi hanyar da sankara ke bi zuwa kaluluwar hammata, likita ya bi sawunsu da na'ura ya ciro wadda ta dace. Amurka ta amince da wannan a 2018.

Don haka kada ta bar kemo. Ki raka ta ganin likitanta, ku nemi a sake duba maganin tashin zuciyar. Gashi kuwa yakan dawo 'yan watanni bayan an gama.